Zobe a Cikin Burodi: Yadda Ake Shirya Wasannin Daren Halowin Irin na Ayilan da Sikotlan

Wanda ya shiga kantin abinci a Dublin ko Cork, biranen ƙasar Ayilan, cikin watan Oktoba zai tarar da wani burodi mai zabibi an jibge shi kusa da ƙofa, a jikin ledarsa an yi gargaɗin cewa akwai zobe a ciki, a ci da hankali. Barmbrack ake ce masa. Shi ne abin da ya rage a kasuwa daga wasannin da mutanen karkarar Ayilan da Sikotlan ke kwana suna yi ranar 31 ga Oktoba, daren Halowin, tun kafin Amurkawa su mayar da daren na kabewa da alewa da kayan dodanni. Na asalin a ɗaki ake yin sa, a gaban murhu, kuma kusan duk wasannin tambaya ɗaya suke yi: wa zai yi aure kafin baɗi, kuma da wa?

Akwai dalilin da ya sa tambayar ke tasowa a wannan dare. A lissafin mutanen da, Samhain, tsohon sunan bikin, wanda ake furtawa "sawin", shi ne ƙarshen kaka kuma farkon hunturu. An haƙe dankali, hatsi ya shiga ma'aji, an sauko da shanu daga tuddai, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5. Aiki ya ƙare, sai zancen aure, domin a karkarar Ayilan yawancin ɗaurin aure tsakanin 6 ga Janairu da farkon azumin Kirista ake yin sa. Bayan babbar yunwar da ta fara a 1845 kuwa auren ya yi wuya. Gona ɗa ɗaya ake bar wa, yarinya sai iyayenta sun tanadi dukiyar da za ta shiga gidan miji da ita, sauran 'ya'ya ko su tsufa babu aure ko su hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Shi ya sa amsoshin wasannin ba sa wuce aure, tafiya, arziki da mutuwa.

Za ku ji masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora suna cewa wasannin sun shekara dubu biyu. Bikin dai tsoho ne, amma bayanin wasannin a rubuce daga ƙarni na 18 ya fara yawa. Mawaƙin Sikotlan Robert Burns ya jero su a wata waƙa da ya rubuta a 1785, sannan tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun Ayilan ta sa 'yan firamare sama da 50,000 suka rubuto abin da suka ji daga bakin kakanninsu. Daga irin waɗannan ne aka san yadda ake yi.

Kafin a ɗora tukunya, magana ɗaya. Duba haramun ne a Musulunci, coci ma ba ta yarda da shi ba, kuma akwai malamai da yawa da ke hana shiga bikin gaba ɗaya. Wanda ya tsaya a kan haka ya tsaya a kan hujja, sai ya karanta wannan don ya san abin da 'ya'yansa ke gani a makaranta da gidan maƙwabta in a ƙasashen da ake bikin yake zaune. Wanda kuma zai yi, to ya yi shi a matsayin wasa, ya faɗa wa yara da bakinsa cewa zobe bai san gaibu ba. A ganina akwai waɗanda raha ce zalla, akwai waɗanda ko a can ma da gaske ake yin su, cikin tsoro. Zan nuna inda iyakar take.

Burodin: a fara kwana biyu kafin daren

Iri biyu ne. Na kanti da yis ake yin sa, na gida kuwa da shayi, kuma shi ya fi sauƙi ya fi daɗi. Uwargida ki tanadi zabibi giram 375, baƙi da ja in da hali, baƙin shayi mai kauri mililita 300, fulawa giram 225, bekin hoda ƙaramin cokali 2, jan sukari giram 125, ƙwai 1, da ƙaramin cokali 1 na garin kirfa da citta da kanumfari a haɗe. Babu man shanu a cikin kwaɓin.

Da daddare ki zuba zabibin a kwano, ki juye masa shayin, ki rufe ya kwana. Kada a yi gaggawa a nan, jiƙon shi ne burodin. Da safe za ki ga zabibin ya kumbura ya shanye rabin ruwan ko fiye. Ki fasa ƙwan a ciki, ki sa sukari, ki tankaɗe fulawa da bekin hoda da kayan ƙamshi a kai, ki juya da muciya har garin ya ɓace. Kwaɓin zai yi nauyi yana faɗowa daga cokali da kyar, haka ake so. Ki shimfiɗa takardar gashi a gwangwanin burodi mai cin giram 900, ki juye, ki gasa a zafin digiri 170 na ma'aunin Celsius na tsawon awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata. In saman ya fara duhu tun ciki bai nuna ba, ki yafa masa takarda. Tsinke ya fito a bushe, ya yi.

Abubuwan da ake ɓoyewa a al'ada ga su da fassararsu: zobe aure ne cikin shekara, tsabar kuɗi arziki, tsumma talauci, ƙwayar wake ba aure bana, maɓalli tuzuru, hular yatsa ta masu ɗinki mace ta tsufa a gidan iyayenta, guntun itace kuwa auren da babu zaman lafiya, wasu ma cewa suke duka. Masu gidajen burodi sun daɗe da watsar da komai sai zobe. Ni zan ce a sa zobe da kuɗi da maɓalli, a bar itacen da tsumman. Babu daɗi yarinya 'yar shekara goma ta ciro abin da za a ce mata mijinta zai doke ta, ana dariya.

A tafasa kowane abu a ruwa minti 5, a bushe, a naɗe shi da takardar gashi a murɗe bakin biyu kamar alewa, ƙullin ya yi girman da ba zai wuce maƙogwaro ba a sani ba. Hanya biyu ce ta sakawa. Ko a cusa su cikin kwaɓin bayan an juye a gwangwani, a rarrabe, ko a bari burodin ya huce a kifa shi a tsaga ƙasan da wuƙa a tura. Ta biyun ta fi, musamman in zoben na roba ne. Daga nan a naɗe burodin ya kwana ɗaya, yana ƙara laushi.

Yanka shi ma da ƙa'ida. Mai yanka takan ji wuƙa ta taɓa ƙulli, saboda haka wadda ta gasa ta yanka a kicin, ta shafa man shanu, ta jera a faranti, wani daban ya zagaya da shi. Yaran da ba su kai shekara 5 ba a yanka musu daga gefen da aka tabbatar babu komai. In kuma gidan maƙwabta aka gayyace ku, ku tambaya ko an sa wiski a jiƙon zabibin, don da yawa suna sawa.

Abincin dare

Colcannon ake ci, wato dakakken dankalin turawa da ganye. A dafa dankali kilo 1, a tsane shi, a daka. A yanka kabeji giram 250 siriri a sulala. A ɗumama madara mililita 150 da yankakken ganyen albasa, a haɗe duka da man shanu da gishiri. A tara shi a akushi ɗaya, a yi rami a tsakiya a jefa curin man shanu, kowa na ɗebowa daga gefensa yana tsomawa. Nan ma ana ɓoye zobe ko kuɗi a naɗe. 'Yan mata kan zuba cokalin farko da na ƙarshe a cikin safa su rataye a ƙofa, wai namijin da ya fara shigowa shi ne mijin. Sau da yawa ana haɗa abincin da naman alade a gefe, a kula.

Tuffa, wadda ita ce rabin wasan daren

A fara da na baho tun yara ba su gaji ba, don jiƙewa za a yi. A shimfiɗa tawul biyu a ƙasa, a cika baho da ruwa mai ɗan ɗumi, a cire wa tuffa karan kanta, a zuba guda shida ko bakwai. Mai wasa ya durƙusa, hannaye a baya, ya kamo ɗaya da haƙori. Wanda ya fara kamawa shi zai fara aure. Tuffa ba ta nutsewa, da an taɓa ta sai ta gudu, shi ya sa masu lallaɓa ta ba sa ci. Dabarar ita ce a riƙe numfashi a danna ta da baki har ƙasan bahon, a gatsa a can. Wanda ya ji tsoron jiƙa kunnensa ba zai samu ba. Ƙananan tuffa masu laushi sun fi wa yara, kuma babba ɗaya ya tsaya a kan bahon har a zubar da ruwan, ko ƙofa aka buga kada ya tafi.

In kuna ƙyamar bakuna goma a ruwa ɗaya, lokacin mura ne kuwa, ku ɗauki salon Sikotlan. A juya kujera bayanta na kallon baho, yaro ya durƙusa a kai, ya ciji ƙotar cokali mai yatsu, ya saita ya saki. In ya cake tuffa tasa ce.

Na biyu na igiya ne. A ɗaure tuffa da zare a rataye a saman ƙofa daidai bakin mai wasa, a kaɗa ta, ya cafke ba hannu. Tsohon salon ya fi haka mugunta: sanda ake ratayewa a kwance, tuffa a wannan baki, kyandir mai ci a wancan, a juya ta, wanda ya yi kuskure ya sha wuta a fuska. Haka ake yi zamanin da mai zane Daniel Maclise ya zana wani taron daren da ya halarta a Blarney ta Ayilan a 1832. Ku sa ɗanyen dankali a madadin kyandirin, dariyar ɗaya ce.

Na ukun ya fi natsuwa, kuma manya sun fi jin daɗinsa. A fere tuffa da wuƙa a zagaye, ɓawon ya fito zare ɗaya bai tsinke ba. In ya tsinke an faɗi, sai a sake da wata. A riƙe shi a kewaya kai sau uku, a jefa ta kafaɗar hagu, kowa ya taru a ga harafin da ya yi a ƙasa, wai da shi sunan masoyi ya fara. Ɓawon da aka fere a zagaye ba abin da ya iya sai lanƙwasa, saboda haka S da C ne kusan kullum. A ƙasar su Seán da Ciarán abin ya yi daidai. A ɗakin Hausawa su Sani da Sadiya za su kwashe kasuwa, Haruna da Kabiru kuwa sai haƙuri.

Faranti da ɗaurin ido

Wannan ne ya fi nuna abin da ke cin zuciyar mutanen. A jera ƙananan faranti a tebur. A Ayilan ana sa zobe a ɗaya, ruwa a ɗaya, carbin Kirista a ɗaya, tsabar kuɗi a ɗaya, ƙasa a ɗaya. A ɗaure wa mai wasa ido da ɗankwali, a juya shi sau uku, a sauya wa farantan wuri ba tare da ƙara ba, a kamo hannunsa a kai shi bakin tebur. Abin da yatsunsa suka fara taɓawa shi ne rabonsa. Zobe aure, kuɗi arziki, carbi zai zama fada ko sista, ruwa zai ƙetare teku, ƙasa zai mutu kafin shekara ta zagayo.

A cire farantin ƙasa, babu wani ja-in-ja. Yaro ya taɓa shi zai yi dariya a gaban mutane, ya je ya kwana ido biyu, in kuma wani abu ya sami wani a gidan cikin shekarar ba za a manta ba. A cike gurbin da abin da ya dace da gidanku: makulli sabon gida, biro karatu, cokali wanki-wankin daren nan. Na ƙarshen shi kaɗai ne fassararsa ke tabbata nan take. Farantin ruwa kuwa a barshi. Ga mutanen da suka ga 'ya'yansu na tafiya Boston da New York ba dawowa, ruwan nan ba abin dariya ba ne sosai. A falon baƙi da kowa ya riga ya ƙetaro, sai a ce mai shi zai je gida hutu.

A Sikotlan kwano uku ne: ruwa mai tsabta, ruwa mai dauɗa, da wofi. Namiji ya tsoma hannun hagu. Mai tsabta budurwa zai aura, mai dauɗa bazawara, wofi ba aure. Sau uku ake yi ana sauya jeri. Ban ga dalilin da za a kwatanta bazawara da ruwan dauɗa a gaban jama'a ba, wataƙila ma tana zaune a wurin. Na Ayilan ya fi.

Ƙwaya biyu a bakin wuta

A arewacin Ingila har sunan daren fasa ƙwaya ake ba wannan dare saboda wannan wasa. Ana samun ƙwayar hazel, wata ƙwayar itace mai taurin ɓawo, guda biyu da ɓawonsu, a raɗa wa ɗaya sunan saurayi, ɗaya na budurwa, a jera su kafaɗa da kafaɗa a bakin garwashi. In suka ci a hankali tare har suka zama toka, zama zai yi daɗi. In ɗaya ta fashe ta yi tsalle, mai sunan ne zai gudu. Abin da ke faruwa shi ne danshin cikin ɓawo yana zama tururi, wadda ba ta da ƙofar fita ita ce mai tsallen.

Gidajen haya na yanzu ba su da murhu. A hura kurfoti a tsakar gida ko bayan gida, a waje, kada a kuskura a shigo da gawayi ɗaki cikin sanyi da tagogi a rufe, iskarsa na kisa ba a ji warinta ba. Kowa ya ja baya taku biyu. Gyaɗa mai ɓawo ma tana yi, sai dai ta fi saurin ƙonewa.

Haɗarin da ya fi na wutar shi ne na sunaye. Kada a haɗa sunan matar wani da wani, kada a haɗa yarinya da saurayin da ba ta ambata da bakinta ba. Ko mai wasa ya riƙe sunayen a zuciyarsa, wanda dama haka 'yan mata da yawa ke yi, ko a yi da ma'auratan da suka daɗe tare, waɗanda in ƙwayar maigida ta yi tsalle uwargida za ta ce dama ta sani.

Kabeji da kakin kyandir

Tuge kabeji sai mai lambu. Ana fita cikin duhu ido a rufe, hannu riƙe da hannu, kowa ya tuge wanda ya fara cin karo da shi. Miƙaƙƙen kara miji ko mata mai tsayi, karkatacce akasin haka. Yawan ƙasar da ta biyo saiwa yawan dukiya. A ɗanɗana tsakiyar karan, zaƙi ko ɗaci shi ne halin mutumin. A da lambun maƙwabci ake shiga, yau wannan sata ce. A tura karas iri-iri cikin bokitin yashi, yara su zaro.

Akwai kuma narka dalma a zuba ta ramin makulli cikin ruwan sanyi, a duba siffar da ta yi don sanin sana'ar miji: guduma maƙeri, jirgi matuƙi. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar a ce masa kada ya narka ta a kicin. Kakin kyandir na yin aikin. Babba ya karkata kyandir a kan kwanon ruwan sanyi ya tsiyaye, a ciro, a ɗaga a gaban fitila, a yi ta gardamar abin da inuwar ta yi kama da shi.

Waɗanda ba wasa ba ne

Ga iyakar. Akwai waɗanda mutum ke yi shi kaɗai da tsakar dare, yana jiran ya ga wani abu da gaske. Yarinya ta tsaya gaban madubi da kyandir tana cin tuffa tana taje kai, wai fuskar mijinta za ta leƙo ta kafaɗarta. Ko a ci gasasshen kifi mai gishiri a kwanta ba a sha ruwa ba, wanda ya kawo ruwa a mafarki shi ne. Ko kowa ya sa ganye a kofin ruwa ya kwana, wanda nasa ya yi tabo ba zai ga baɗi ba. A yankin Welis na Birtaniya dutse kowa ke jefawa a wutar da aka hura a fili, da safe wanda ba a ga nasa ba an yi masa fassarar mutuwa. Waɗannan babu taro, babu dariya, duba ne kai tsaye. Ku san su don in yaro ya kawo labarin daga makaranta ku iya ba shi amsa, amma kada su shiga shirinku.

Sauran camfe-camfen na ba da labari ne lokacin da ake shan shayi. An ce a wannan dare aljanu na sauya mazauni, saboda haka mai fita ya juya rigarsa baibai, ya sa gishiri ko guntun ƙarfe a aljihu. Mai zubar da ruwa a ƙofa ya yi gyaran murya da kalmar gargaɗi kada ya jiƙa waɗanda ba a gani, abin da duk wanda kakarsa ta hana shi watsa ruwan zafi da magariba zai gane. Ana saƙa ɗan gicciye na itace da kara a maƙala a saman ƙofa har shekara. A daren 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu, wasu gidaje kan bar wuta na ci da abinci a tebur. Akwai kuma púca, aljanin da ke zuwa a siffar baƙin doki, wanda aka ce yana tofa wa 'ya'yan itacen daji yawu a daren, don haka daga 1 ga Nuwamba ba a cin su. Wannan camfin na da amfani, don a lokacin sanyi da ruwa sun riga sun sa musu fumfuna.

Fitilar da ake ajewa a taga ma asalinta ba kabewa ba ce, wata saiwa ce mai tauri da ake ce wa tanif, akwai samfurin irinta a gidan tarihin rayuwar karkara da ke kusa da garin Castlebar a Ayilan. Rarake ta na cin cokali da hannu, ku sayi kabewa, ku sa fitilar batir a ciki maimakon kyandir, kayan da yara ke sawa a daren na saurin kama wuta.

Kafin baƙi su watse a ƙirga abin da aka sa a burodi da dankali, a tabbatar duk sun fito. In maɓalli bai bayyana ba, yana cikin ragowar, a faɗa wa wanda zai ci. Ragowar burodin a naɗe shi da kyau, yana kai mako, kuma daga kwana na uku ya fi daɗi in an ɗan gasa yankan an shafa man shanu.